Baƙin allo da ranar da na kulle kaina a waje

Lokacin da na fara aikin kula da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet da imel, abin da na fi tsana shi ne baƙin allon nan na buga umarni da ba komai a kansa sai wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Na saba da Remote Desktop na Windows: ka shiga, ka ga allon sabar kamar kana zaune a gabanta, ka danna nan ka danna can. Ga kuma cPanel, shafin sarrafa saba da danne-danne, wanda ko ɗan koyo zai iya buɗe akwatin imel da shi cikin minti biyu. Ina ganin masu buga umarni da hannu burga kawai suke yi.

Netiwok ne ya fara koya min hankali. Sabarmu tana Frankfurt a Jamus, ni kuwa ina Kano, wani lokacin ma da datar waya nake aiki. Remote Desktop hoton allo yake turo maka, duk abin da ya motsa sai an aiko shi. Idan sabis ya yi rauni, sai ka ja linzami ka zauna kana jiran kibiyar ta biyo ka. Akwai ranar da na danna sau biyu don na ɗauka na farkon bai shiga ba, ashe ya shiga, na biyun ya faɗa kan wani maɓallin daban. Ogana yana tsaye a bayana, ya ce, “Malam, kana wahalar da kanka. Buɗe PuTTY.”

PuTTY manhaja ce ta shiga saba daga nesa ta hanyar da ake kira SSH, shi kuwa SSH rubutu kawai yake ɗauka ya kai ya dawo, a rufe cikin sirri. Wani ɗan Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙire shi a 1995 bayan an yi satar kalmomin sirri a netiwok ɗin jami'arsu, kuma har yau ƙofa ta 22 yake amfani da ita, cikin ƙofofi masu lamba da ake shiga saba ta cikinsu. Layin da ba zai iya ɗaukar hoton allo ba, SSH yana tafiya a kansa lafiya lau. Da na haɗa shi da tmux, manhajar da ke barin aiki ya ci gaba a saba ko da haɗi ya yanke, sai abin ya ƙara daɗi. Wata rana ina tsakiyar sabunta manhajoji aka ɗauke wuta, rauta ta mutu. Gabana ya faɗi. Da aka tada janareta na koma, na buga tmux attach, na tarar aikin ya ci gaba da kansa, har ya kusa gamawa.

Amma abin da ya fi canza min tunani shi ne maimaici. Idan ka saita saba da danne-danne, bayan wata shida ba za ka tuna akwatin da ka yi wa alama ba, wanda ya gaje ka kuwa sai dai ya yi ta lalube. Umarni kuwa ana ajiye shi a fayil. Abin da na yi wa saba ɗaya, haka zan yi wa biyar, ba ragi ba ƙari. Microsoft da kansu sun gane haka: sun fito da PowerShell, nasu allon buga umarni, a 2006, sannan Windows Server 2008 ya zo da Server Core wanda kusan babu tagogin dannawa a cikinsa.

To, daga nan sai kai ya fara kumbura. Na koma ina yi wa masu cPanel irin kallon da a da nake zargin ana yi min.

Wani dare na ce bari in ɗaure tsaron wata sabuwar sabar Ubuntu. Na buga ufw enable don in tada katangar tsaro. Har gargaɗi ta yi min cewa wannan zai iya katse haɗin SSH, ta tambaye ni ko in ci gaba. Ban karanta ba, na buga y. Ban buɗe ƙofa ta 22 a katangar ba tukuna. Da yake haɗin da nake kai bai yanke ba, ban ga alamar komai ba. Na fita, na je na yi sallar isha'i, na dawo, na nemi shiga. Shiru. Na sake, shiru. Na kulle gida, makullin yana ciki, gidan kuma yana Jamus.

Abin da ya cece ni shi ne abin da nake rainawa. Na shiga shafin kamfanin da muke hayar sabar, na danna maɓallin da ke buɗe allonta ta burauza, kamar an jona mata allo da madannai. A hankali yake, wasu alamomin ma ba sa fita daidai, amma da shi na buga ufw allow 22, na buɗe ƙofar. Ogana da ya ji labari washegari dariya kawai ya yi, ya ce kowa sai ya yi wannan sau ɗaya.

Yanzu jadawalin nauyin saba da cikar faifai a burauza nake kallonsu, domin ido ya fi saurin gane layin da ya haura a kan tulin lambobi. Kafin kuma in taɓa katanga ko saitin SSH, sai na bar taga ɗaya a buɗe, in gwada shiga ta taga ta biyu, sai ta buɗe sannan in rufe ta farkon.