Aikin koyar da Turanci ya kai ni Roubaix

Takardar da hukumar ilimi ta yankin Lille ta aiko mini gajeriya ce: Roubaix, makarantar sakandare, a kama aiki ranar 1 ga Oktoba, a tashi ranar 30 ga Afrilu. A wannan shiri Faransa kan ɗauko matasa daga ƙasashe daban-daban su taya malamanta koyar da harsunan waje, kuma tun 1905 ake yinsa. Ana barin mutum ya faɗi yankin da yake so, amma makaranta kam sai inda aka jefa shi.

Na sauka a filin jirgin sama na Charles de Gaulle a ƙarshen Satumba. Daga nan jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya kai ni Lille cikin kusan awa ɗaya, gonaki na wucewa fyu ta taga. Sai na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wanda tun 1983 yake yawo babu direba. Na zauna can gaba ina kallon layin dogo, na kasa sakin jiki.

Roubaix tsohon garin masaƙu ne, dab da iyakar Beljiyam. Masaƙun sun mutu, an bar dogayen gine-ginen jan bulo da talauci da ba ya ɓoyuwa. Akwai 'yan asalin Aljeriya da Maroko da yawa, don haka masallaci da naman halal ba su ba ni wuya ba. Ɗaki ne ya wahalar da ni. Mai gida yana son ganin asusun banki da wanda zai tsaya maka, banki kuma yana son adireshin gida. Malamar da aka haɗa ni da ita ce ta warware ƙullin, ta ba ni masauki har na samu nawa. Albashin wajen Yuro 800 ne a wata, haya ta cinye kusan rabi.

Aikin kansa awa 12 ne a mako. Ba na ba da maki, ba na shirya jarrabawa. A ware mini rabin aji, in sa su buɗe baki. Nan fa ake yinta. Yaran sun san nahawu, wasu ma sun fi ni iya zayyana ƙa'idojinsa, amma tsoron a yi musu dariya ya ɗaure musu harshe. Ranar farko wani yaro daga bayan aji ya tambaye ni ko Turancina na Ingila ne ko na Amurka. Na ce na Najeriya ne. Aka yi tsit, sannan hannuwa suka tashi: wa nake goyon baya a ƙwallo, wane harshe muke yi a gida, da gaske ne muna da harsuna sama da 500? Aka buga ƙararrawa ba su gama ba. A ganina amfanin shirin ke nan. Yaron da ya ji baƙon da bai taɓa taka Landan ba yana zuba Turanci ba tare da jin kunyar lafazinsa ba, shi ma sai ya daina jin kunyar nasa.

Wani abu kuma sai da idona ya saba da shi. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sanya alamun addini na fili a makarantun gwamnati. Kullum da safe 'yan mata kan tsaya a bakin ƙofa su cire ɗankwali, su ninke su sa a jaka, in an tashi su mayar. Ma'aikata ma dole su ajiye addininsu a waje, saboda haka sallar azahar sai na koma ɗaki.

Hutu kuwa ba a magana, kusan duk bayan mako bakwai sai an ba da mako biyu. Na leƙa Brussels, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Lille. Landan ma kusa take, sai dai bizata ba ta shiga can. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa, sai na riƙa fakewa a La Piscine, tsohon wurin ninƙaya da aka mayar gidan kayan tarihi a 2001.

A Afrilu ɗalibaina suka ja ni kallon tseren keke na Paris zuwa Roubaix, wanda aka fara a 1896. Yaron nan na bayan aji ne ya tsaya kusa da ni yana bayyana mini dokokin tseren da Turanci, inda ya maƙale ya cike da hannu.