Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sunan da ke jikin kwalin faifai

Assalamu alaikum jama'a. A yi min afuwa kashin wannan makon ya ɗan makara, mura ce ta kwantar da ni kwana uku. Makon jiya mun tsaya a inda na samu ɗaki a unguwar Bronx ta birnin New York tare da wasu 'yan uwa biyu 'yan zangon Kumasi, kuma na gaya muku turombon ɗina, wato ƙahon nan mai sandar da ake ja ana turawa, ya yi wata huɗu a ƙarƙashin gado ko akwatinsa ban buɗe ba, aikin wankin mota ya cinye ni gaba ɗaya. To yau labarin wata mata zan ba ku, wadda ta canza min sana'a alhali ko sau ɗaya ban taɓa sa ta a ido ba.

Akwai wani dattijo baƙar fata da yake kawo mana mota duk Asabar, tsohuwar mota ce amma yana ji da ita kamar amarya. Ni dai Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba yana amsawa. Rannan ina goge kujerun ciki kaset ɗinsa na tashi ƙasa-ƙasa, sai kawai na ji wani sauti da na sani, na tsaya cak da tsumma a hannu. Wallahi Niger Mambo ne na Bobby Benson, kiɗan da muka sha busawa a Legas har muka gaji, amma nan an yi masa wata irin shiga ta daban, ƙahonin sun jeru wani kan wani kamar an yi jeren kwanuka a ɗakin amarya, ga fiyano mai nauyi a ƙasa yana takawa kamar giwa. Baba ya leƙo ta taga ya kalli leɓena, don duk wanda ya daɗe yana busa akwai shaidar da bakin ƙaho ke bar masa, yace yaro kai mabushi ne ko? Nace eh Baba, a badujala na tashi. Yace to wa ya yi wannan kiɗan? Nace ai na ɗan ƙasarmu ne. Yace ban tambaye ka mai waƙar ba, wa ya zaunar da ƙahonin nan haka?

Shiru na yi. Ni a iya sanina banmasta, wato shugaban makaɗa, shi ne ke shigowa ya raba mana takardu, kowa ya busa abin da ke gabansa, shikenan. Ban taɓa tunanin akwai wanda ke kwana bai yi barci ba yana yanke shawarar wa zai busa me ba.

Asabar ta gaba sai ga shi da kwalin faifan, duk gefensa ya cinye. Highlife, 1963, na Randy Weston, wani dogon makaɗin fiyano ɗan Brooklyn wanda ya je Legas a 1961 ya ga gidan rawar Bobby Benson wato Caban Bamboo, har kiɗa ɗaya a faifan sunan gidan yake ɗauke da shi. Baba ya ɗora yatsa a kan wani suna, Melba Liston. Yace wannan ita ce mai tsarin. Weston shi ke kawo yadi, ita ke yankawa ta ɗinka. Kuma turombon take busawa irin naka.

Mace? Turombon? Gaskiya abin da ya fara fita daga bakina kenan, kuma har yau ina jin kunyar tambayar.

Daga nan ne duk Asabar ya koma min makaranta, ina wanki yana ba ni labari, sauran na cike daga baya da kaina. An haife ta a Kansas City a 1926, shekara ɗaya da Weston ɗin. Tana 'yar shekara bakwai ta zaɓi turombon, kuma duk wanda ya san kayan nan ya san wahalar da ke ciki ga yaro, matsayi bakwai ne a jikin sandar da ake ja ana turawa, na shida da na bakwai hannun yaro baya kaiwa, ni kaina sai da na yi ta miƙa kafaɗa kamar mai tsinko mangwaro. A 1937 suka koma Los Anjeles, tun bata cika ashirin ba tana busa a gidan wasa na Lincoln, daga nan ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Gerald Wilson, ta fara rubuta wa manyan maza abin da za su busa. Sun taɓa yin rangadi da mawaƙiya Billie Holiday a jihohin kudu na ƙasar Amurka lokacin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta, 'yan kallo babu, kuɗi ya ƙare, abin ya ƙona mata rai har ta ajiye ƙaho ta koma aikin ofis a hukumar ilimi na wasu shekaru. Da Baba ya zo nan sai na tuna nawa ƙahon da ke ƙarƙashin gado, na ci gaba da goge gilashi ban ce komai ba.

Shahararren mai busa turampet Dizzy Gillespie ne ya dawo da ita. A 1956 gwamnatin Amurka ta tura babbar ƙungiyarsa rangadi Gabas ta Tsakiya da nahiyar Amurka ta Kudu, ya kira ta. Wasu daga cikin mazan suka yi ta gunaguni wai me za a yi da mace a cikin tafiya, sai da aka raba takardun da ta rubuta, masu gunagunin suka yi ta tuntuɓe a kai suna komawa farko, daga nan bakin kowa ya mutu. Wannan wajen Baba ya fi so, sau uku ya ba ni shi kuma duk lokacin sai ya buga cinya yana dariya.

Amma aikinta da Weston shi ne ya shiga raina. Tun daga faifan Little Niles a 1958, sai Uhuru Afrika a 1960, shekarar da ƙasashenmu ke ta karɓar 'yanci, babbar ƙungiya da ganguna birjik da kalmomin marubucin waƙoƙi Langston Hughes, faifan da gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta daga baya. A 1973 ta tafi Jamaika ta yi wajen shekara shida tana koyarwa a makarantar kiɗa ta ƙasar. A 1985 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, busa ta ƙare, amma kai na nan lafiya lau, ta koyi rubuta kiɗa da kwamfuta tana zaune a keken guragu, kuma a haka ta tsara The Spirits of Our Ancestors da aka ɗauka a 1991. Ku je ku saurara ku gaya min ko za ku ce mara lafiya ce ta rubuta. Abin da ke ba ni haushi har gobe, faifai guda ɗaya tak ta fitar da sunanta a gaba, wanda aka ɗauka a 1958, sauran duk sai ka juya kwali ka ƙura ido. Kamar masu girkin biki ne, an ci an yi santi an yi wa mai gida godiya, wadda hayaƙi ya cinye wa ido a bayan gida babu mai tambayar sunanta.

To ni sai abin ya zame min ciwo. Baba ya ba ni aron kaset ɗin, na sayi littafi mai layi biyar-biyar da fensir, in na dawo aiki abokan ɗakina sun yi barci sai in shige banɗaki in zauna a kan bokiti in sa abin ji a kunne. Daƙiƙa huɗu in tsayar, in rubuta abin da turampet ya busa, in zura biro a ramin kaset in juya da hannu don kar batir ya ƙare, in sake ji in nemo saksofon, in sake juyawa in nemo turombon da ke ɓoye a tsakiya. Wani gurin sau talatin nake ji. A nan na fara gane dabararta, ba cika ko'ina take yi ba, sai ta bar wa fiyano fili ya yi tafiyarsa, sannan ta sako ƙahoni biyu kusa da juna har suna ɗan gogayya, gogayyar da banmastanmu na da zai ce kuskure ne ya ranƙwashe ka, amma ita ce ke sa tsigar jiki tashi.

Bayan kamar wata uku kai ya kumbura, nace nima na iya. Baba yana da abokai da suke haɗuwa duk Litinin da dare a wani ɗakin ƙasa a Brooklyn, tsofaffi shida, babu mai biyan kowa, don nishaɗi kawai. Na ɗauki wani sautin da mahaifiyata ke rerawa in tana daka, na tsara shi wa turampet da saksofon alto da turombon da fiyano, na kwafe takardar kowa da hannu har asuba, rubutu tsaf kamar na mai allon zayyana. Na sa rigata ta sallah na tafi.

Na raba takardu, na ƙirga, ɗaya biyu uku huɗu. Sautin farko ya fito da wani irin daɗi wanda ban san na rubuta ba, har na fara murmushi. Daga na biyu kuwa inna lillahi, kamar an saki awaki uku a kasuwa kowa ya kama gabansa, fiyano na gabas ƙahoni na yamma. Mai turampet ya sauke ƙahonsa ya juya takardar sama da ƙasa ko ya riƙe ta a kife ne. Mai alto kuwa dariya ta hana shi numfashi.

Ga abin da ya faru. Turombon abin da ka rubuta shi yake fita, in ka rubuta sautin da ake kira C to C za a ji, kamar fiyano. Turampet kuwa in ya ga C ya busa, B-flat ke fita, dole ka rubuta masa D in kana son C. Alto ya fi muni, C ɗinsa E-flat ne, sai ka rubuta masa A. Na taɓa jin wannan a bariki sama-sama, amma shekara goma sha ina busa ban taɓa leƙa takardar maƙwabcina ba, sai na rubuta wa kowa da harshen turombon. Sautin farkon nan da ya yi daɗi, C da B-flat da E-flat ne suka haɗu bisa tsautsayi suka ba da abin kirki, ba ni ba ne.

Na fara tattara takarduna hannuna na rawa, ina ta ba su haƙuri. Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi ta mai turampet ya zaro fensir daga aljihun gaba, ya gyara layin farko a tsaye a kan murfin fiyano, ya miƙo min fensirin yace sauran naka ne, muna da minti ashirin kafin mai gangar ya dawo daga shan taba, zauna can ka yi. Na zauna a kan matakala na ɗora littafin a gwiwa na fara gogewa.

Abin da ya fito bayan minti ashirin ɗin, da kuma wayar da na yi da mahaifina a daren wadda ya kashe min ita a kunne, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.