Tsigi ta ƙi shan ruwa

Laraba, dare ya raba, barci ya ƙi zuwa.

Da asuba na tarar da 'yar kyanwata Tsigi a tsugune gaban kwanon ruwanta, ta sunkuyar da kai kamar mai shirin sha, amma ko lasa ba ta yi ba. Jiya ta yi amai sau biyu, na ɗauka wani abu ta ci. Yau kuma sai ga zawo mai ɗoyi, jiki zafi zau. Watanta uku kacal a duniya. Na naɗe ta a tawul muka nufi asibitin dabbobi.

Likita ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya cak. Ya ce ruwan jikinta ya yi ƙasa sosai. Ya ɗebi jini, sannan ya gwada kashinta da abin gwajin karnuka. Na ce, "Likita, kyanwa ce fa." Ya yi murmushi ya ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, bairos ɗin fabo na karnuka da ya ɓulla a 1978 ɗan'uwan na kyanwoyi ne na kusa, gwajin wannan yakan kama wancan. Sunan cutar panlukopeniya, wato fararen ƙwayoyin jini sun zube gaba ɗaya.

Bayanin da ya yi mini shi ne ya hana ni barci. Wannan bairos ƙanƙane ne ƙwarai, ba shi da kayan aikin da zai kwafi kansa, sai ya sami ƙwayar halittar da ke cikin rabuwa gida biyu ya hau kan aikinta. Saboda haka duk inda jiki ke sabon gini, nan yake nufa: shimfiɗar cikin hanji da ke sabuntawa kullum, da ɓargo inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Hanji ya saɓule, bakteriyar da ke zaune a cikinsa ta sami hanyar shiga jini, fararen ƙwayoyin da za su tare ta kuma an riga an gama da su tun daga ɓargo. Jaririyar kyanwa kuwa ko'ina a jikinta gini ake yi. In mage mai ciki ta kamu, yakan taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya a jikin 'ya'yan, a haife su suna tangaɗi har ƙarshen rayuwarsu.

Na ce ai Tsigi ba ta taɓa leƙa waje ba. Ya kalli takalmina. Bairos ɗin ba shi da rigar kitse, don haka sanitaiza ba ta yi masa komai, yana iya shekara guda a ƙasa yana jira. Sai na tuna wata 'yar kyanwa ramammiya da na ɗauka a bakin hanya ranar Asabar, na shafa ta na ajiye. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana 2 zuwa 7 ne. Lissafin ya fita daidai, ban so ba.

Rigakafin ma ni na yi ta ɗagawa. Ashe tun sati 6 zuwa 8 ake farawa, a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har sati 16, domin kariyar da suka sha a dakashin uwa tana iya dakushe allurar farko.

Babu maganin da ke kashe bairos ɗin. An sa mata ƙarin ruwa, da allurar tsayar da amai, da maganin bakteriya, sauran aikin na jikinta ne. Likita ya ce in ta haye kwana biyar akwai kyakkyawan fata.

Da na dawo ƙanwata ta tare ni, "Yaya, mu ma za mu kamu?" Na ce a'a, ba ya kama mutum. Muka haɗa bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 32, muka wanke ɗaki muka bar shi minti goma kafin ɗauraya. Tawul ɗin na zubar. Takalmin yana nan a jiƙe cikin bokiti, kwanon Tsigi kuma na kife shi a bakin taga. Ƙarfe takwas na safe likita ya ce in kira.