Talata: Ciwon Baya da Zaman Ofis

Yau ban shiga ofis ba sai bayan azahar, domin na fara biyawa asibiti wajen likitan gashin ƙashi saboda ciwon ƙugun da ya matsa mini tun ƙarshen damina. Na tafi da tsammanin za a tura ni ɗaukar hoto, amma bayan ya sa na sunkuya, na miƙe, na ɗaga ƙafa ina kwance, sai ya ce babu buƙata, tunda ba ni da zazzaɓi, ƙafafuna ba sa sagewa, fitsari kuma ba ya kufce mini. A cewarsa, kusan kashi 90 cikin 100 na masu irin wannan ciwo ba a samun takamaiman lahani a jikinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce, "Malam, kwanciya ba za ta warkar da kai ba." Naman ciki da na ƙugu da na cinya su ne ke tallafe ƙashin baya, idan kuwa mutum ya wuni a kujera, ya koma gida a mota, sai su yi rauni, ƙaramin sunkuyo ma ya zama wahala. Ya hana ni ɗaura bel ɗin baya, ya ce in riƙa tashi ina takawa a tsakanin aiki.

Da dare na duba alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Hukumar tana son baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ya kuma ware kwana 2 don ƙarfafa naman jiki. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2024, ya nuna masu tafiyar ƙasa a kai a kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu, sauran kuwa 112.

Hankalina ya koma kan telan unguwarmu da direbobin A Daidaita Sahu, waɗanda gajiyar aiki ke sa su ɗauka sun motsa jiki, alhali a zaune suka wuni, sai su ƙare da haɗiyar maganin kashe zafi daga kemis. Gobe bayan sallar asuba, in Allah ya yarda, zan fara tattaki, kuma na roƙi telan ya raka ni.