Sunan da ke kan kartigiris

Ofishina ɗaki guda ne a Garwa, a arewacin Kamaru, tebur biyu, injin fotokofi, da yaro mai babur da nake aika. Sana'armu haɗa wa jama'a takardun abin hawa. Kartigiris, wato takardar rajistar abin hawa, ba mu ke ba da ita ba, wannan hurumin Ma'aikatar Sufuri ne ta ofishinta na yankin Arewa. Namu shi ne mu shirya dosiye tsaf, mu kai, mu bi sawu har takarda ta fito, mai mota ya ɗaura lambarsa mai ruwan lemo da NO a farkonta. Na Marwa EN suke samu, na Ngawundare kuma AD.

Motar da ta shigo ƙasa sabuwa ba ta cika ba ni wahala ba in ta biyo hanya. Wadda ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala tana zuwa da takardar duwan (kwastan) da ta CIVIC, wato shaidar tantance motocin da aka shigo da su Kamaru. Matsalar tana wajen waɗanda suka ratso ta Najeriya, musamman baburan da ake tsallakowa da su ta wajen Mubi. Yaro ya tara kuɗin acaɓa ya sayi sabon mashin, ya zo da rasit ɗin shago kaɗai. Ina tausaya masa, amma in ba a biya duwan ba babu kartigiris, kuma ba na ɓoye wa kowa wannan don in karɓi kuɗinsa.

Kafin in taɓa kowace takarda sai na fita na ga ƙarfen da idona. Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa I ko O ko Q a cikinta don kada su rikice da 1 da 0. A wasu motocin tana gindin gilashin gaba, a manyan akori-kura kuwa sai ka durƙusa bayan tayar gaba, ka goge laka da tsumma mai ɗan gas, ka haska tocila. Yaro yana karantowa, ni ina bin takarda da yatsa, harafi bayan harafi. In na ga wurin ya yi santsi kamar an bi shi da gurza, ko akwai tabon walda a kewayen lambar, sai in miƙe in mayar wa mutum takardunsa. Wasu su ji haushi, su tafi wani wuri. Allah ya raka taki gona.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mitasiyon, canjin suna bayan ciniki. Mutanenmu sukan sayi mota, a yi musabaha, a karanta Fatiha, a miƙa makulli da tsohuwar kartigiris, shi ke nan. Mota ta wuce hannu uku ko huɗu, lambarta na nan LT ta yankin Duwala, sunan wani mutumin Duwala da babu wanda ya taɓa gani na nan a kanta. Muddin tana tafiya lafiya ba mai damuwa. Ranar da aka yi haɗari, ko aka sace ta, ko aka zo rabon gado, ranar ake neman mai sunan.

Wata dattijuwa ta zo mini bayan ta fita takaba, ɗanta na biye da ita riƙe da leda cike da takardu. Ta ce, "Malam, motar mai gidan ce, da ita muke ci, yanzu magada sun ce a sayar." Na zazzage ledar: asiransi (inshora) na shekaru, takardun bizit teknik (binciken lafiyar mota), har rasit ɗin taya marigayin ya adana. Takardar ciniki ce kawai babu. Na ce, "Hajiya, wa ya sayar wa Alhaji?" Ta ce wani abokinsa ne, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Watanni muka yi muna neman magadan wancan da na gabansa, kuma mai saye ya rage kuɗi sosai saboda jira. Marayu ne suka yi asarar.

Kullum ƙorafin shi ne tsada. Gaskiya ne kuɗin kartigiris yana bin dawakan injin, babbar mota ta fi ƙarama biya, ga tambur (kan sarki), ga bizit teknik. Binyet ma, wato harajin mota na shekara, tun 2017 a wajen kamfanin asiransi ake biyansa tare da kuɗin asiransin. Amma takardar tana aiki shekara 10, kuma wanda ya iya fitar da miliyoyin sefa ya sayi Hilux bai kamata wannan ya gagare shi ba.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya kira ni yana shirin ciniki nake ce masa kada ya biya cikon kuɗi tukuna. Su zo su biyu, mai saye da mai sayarwa, kowa da katin ɗan ƙasarsa, mu rubuta takardar ciniki da lambar shasi a jikinta, mu je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga hatimi. In sunan da ke kan kartigiris ba na mai sayarwa ba ne, sai ya kawo takardun da suka nuna yadda motar ta zo hannunsa, daga nan a ƙirga kuɗi.