Butar lantarki da ƙunar ƙanwata

A makon jiya ƙanwata ta ƙone a cinya, saboda mariƙin sabuwar butar lantarki da muka saya ya ɓalle a hannunta tana ɗauke da tafasasshen ruwa. Da na duba wurin da ya karye, sai na ga roba ce siririya da zafi ya riga ya cinye, ƙusa ɗaya tak ke riƙe da ita.

Da na koma shagon, mai kayan ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ya ƙara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba, amma ƙaddara ba ta ɗauke alhakin wanda ya sayar da kaya mai aibi. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu sayayya, ta ba mai saye damar mayar da irin wannan kaya, har da neman diyyar raunin da ya jawo. Na adana butar da rasit da takardun asibiti, kuma na riga na shigar da ƙorafi.