Yadda na gane bolt da amfiya a tsofaffin gidajen Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na fara bin Baba maigidana aikin kahraba, wato wutar lantarki, a nan Makka tambaya ɗaya ce mutanenmu suke yawan yi min, wai me yasa butar dafa ruwa da aka zo da ita daga Kano ko Yamai take aiki lafiya a wani ɗaki amma a wani ɗakin sai kayi ta jira ruwa bai tafasa ba. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da na koya da hannuna, domin wallahi abin ya wuce maganar buta, akwai ran mutane a ciki.

Baba dattijo ne, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan, shi a nan aka haife shi kuma gashinsa a wannan aikin ya yi fari. Ranar farko bai bari na taɓa wayar gida ba sam. Batirin bolt 9 ya ajiye min da ƙaramin ƙwan LED ja da resista mai om 470, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, da maltimita, wato mitar auna wuta, yace ɗana haɗa min wannan ya kama. Na haɗa daga kan batir zuwa resista, daga resista zuwa ƙwan, daga ƙwan na dawo ɗaya kan batirin, ya kama. Yace toh cire waya ɗaya ko ta ina kake so, na cire ya mutu, na mayar na cire wata daban ya sake mutuwa. Da'ira kenan, sai wuta ta samu hanyar fita da hanyar dawowa, in hanya ta yanke ko a ina ne komai ya tsaya.

Sai yace auna. Na sa bakin mita biyu a gefe da gefen ƙwan naga wajen bolt 2, na sa a gefe da gefen resista naga wajen 7, in ka tara ga 9 ɗin batir ta fito. Yace yanzu ɗora baki ɗaya kawai ka gaya min bolt nawa ne a wurin, na ɗora mita bata nuna komai mai ma'ana ba, yayi murmushi yace ai shi bolt ba'a tambayarsa a wuri ɗaya, kullum tsakanin wuri biyu yake. Ya nuna min tankin ruwa da ke saman rufin gidan, yace ƙarfin ruwan famfo daga tazarar da ke tsakanin tanki da bakin famfo yake zuwa, shi yasa na ƙasa ruwansu yafi na bene na sama ƙarfi, toh bolt shine wannan tazarar, amfiya kuma yawan ruwan da ke gudu, om shine matsin bututu. Gaskiya wannan maganar ita ce ta buɗe min kai, duk abin da na koya daga baya a kanta ya hau.

Lissafin kansa ba wuya, wani Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da shi a 1827, ka raba bolt da om ka samu amfiya. Bolt 7 a raba da 470 ya bada kusan miliamfiya 15, wato kashi 15 cikin dubu na amfiya ɗaya, daidai abin da ƙaramin ƙwai zai ɗauka bai ƙone ba. Shi kuwa sunan bolt daga Alessandro Volta ɗan Italiya ya zo, wanda ya ƙera batir a 1800. Mun kuma gwada jera ƙwai biyu a layi ɗaya, suka raba bolt ɗin tsakaninsu kuma cire ɗaya yana kashe ɗayan, sannan muka ba kowanne hanyarsa, wanda haka ake haɗa gida shi yasa kashe fanka baya kashe firij.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. Tsofaffin gidaje da yawa a Makka da Jidda, irin na unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki kamar Hindawiyya da wajen Shari' Mansur, wuta iri biyu ce a bango. Akwai wadda kowa ke kira 110 amma in ka sa mita wajen 127 zaka gani, akwai kuma 220. Ita 127 tsakanin waya mai wuta ɗaya ce da nutural, wato wayar dawowa, ita kuwa 220 tsakanin wayoyi biyu ne da dukkansu masu wuta ne, kun ga maganar wuri biyu ta dawo. A Najeriya da Nijar da Sudan soket ɗin gida waya ɗaya ce mai wuta ɗayar nutural, toh mutum ya zo da wannan sabon sai ya kashe makunni ya ɗauka shikenan, alhali in makunnin waya ɗaya yake yankewa ɗayar tana nan da 127 ɗinta tsakaninta da ƙasa tana jiran hannu. Na ga wannan da idona a wani gida da muka je gyaran hita, makunni a kashe, Baba yace auna kowace waya da ƙasa kafin ka taɓa, na auna mita ta nuna 127, jikina sai da yayi sanyi.

Kuma kar wani yace ai 127 ƙarama ce. Fata in ta jiƙe, da alwala ko da gumin Makka da kuka sani, om ɗin jiki yakan sauko kusa da 1,000, ku raba da kanku ku gani, sama da miliamfiya 100 kenan, alhali na'urar da ake sawa a tablon, wato akwatin da ke rarraba wutar gida, don kare rai a miliamfiya 30 take yanke wuta. Ni a ganina duk gidan da ake da yara ko ake girki da yawa, kamar gidajen iyayenmu mata masu tuwon alhazai, kuɗin wannan na'urar ba asara bane ko kaɗan.

Batun buta kuma ga amsar. In ka sa butar 220 a soket na 127, bolt ya ragu amfiya ma ta ragu tare da shi, zafin da zata bayar sai ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, shi yasa take jan lokaci. In kuwa aka juya, kayan 127 aka cusa a 220, zafin ya ninka sau uku sai dai kaji ƙauri. Matsalar ita ce a tsofaffin gidajen wani lokacin soket ɗin kamarsu ɗaya ba rubutu ba alama, mu duk gidan da muka shiga sai mun rubuta lambar bolt ɗin da alƙalamin maka a jikin kowane soket kafin mu fita. Tun 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa bolt 230 da 400 kuma sababbin gine-gine a kansa suke, amma canjin a hankali yake tafiya. Sannan wutar nan has 60 ce, wato sau 60 take kai da komo a daƙiƙa, ta can gida 50, caja bata damu ba in dai an rubuta 50/60 a jikinta, amma kaya mai injin juyawa irin fanka zai ɗan fi gudu.

Abin da ya fi bani sha'awa shine filin lantarki, wato ƙarfin da ke kewaye da duk abin da ke ɗauke da caji ko ba'a taɓa shi ba. Baba ya goga matajin roba a gashina ya kai kusa da gutsattsarin takarda suka tashi suka manne tun kafin ya taɓa su. Da wannan filin ne alƙalamin gwaji yake ƙara in ka kai shi kusa da waya ta bayan roba. Ana auna shi da bolt a kowace mita, kuma busasshiyar iska tana jurewa har wajen bolt 3,000 a kowace milimita kafin ta bari tartsatsi ya ratsa, wato wannan ɗan tsinin da kake ji in ka taka kafet a ɗaki mai mukayyif, wato AC, ka kama ƙofa dubban bolt ne, baya illa saboda cajin ɗan kaɗan ne kuma nan take ya ƙare. Tantabarun Makka ma da ke sauka a kan waya basa jin komai domin ƙafafunsu biyu a kan waya ɗaya suke, babu bambanci tsakaninsu, da ɗaya zata haɗa waya biyu da fikafikanta da labari ya sha bamban.

Alƙalamin dai Baba bai yarda a dogara da shi kaɗai ba, yana iya yin shiru don batirinsa ya mutu. Tsarinmu shine a sauke gaɗi', wato makunnin da ke yanke wuta, a tablon, a gwada mita a soket da aka san yana da wuta don a tabbatar tana aiki, a auna waya da waya, sannan kowace waya da ƙasa, in duk sifili ne sai ya ce bismillah ɗana sa hannu. Wanda bashi da mita dan Allah ya kira mai ita kafin ya buɗe soket ko hita a irin waɗannan gidajen.